Inji Ba Ya Cin Iska: Sana'ar Ciyar Da Masana'anta Da Inda Ake Koyonta

Duk shekara idan lokacin cika fom ɗin JAMB ya zo, hira ɗaya ake yi a gidajenmu. Uba na son likita, uwa na son lauya, shi kuwa yaro ransa na kan injiniya, ko da kuwa da ƙyar ya haye lissafi a jarrabawar WAEC. Idan aka rasa waɗannan uku sai a ce to ya cika duk abin da ya samu, in dai jami'a ce. Ban taɓa jin uban da ya buɗe baki ya ce yana son ɗansa ya koyi saye da ajiya da safarar kayan masana'anta ba. Da ka ambata ma sai a ce, "Au, ɗan sito? Shekara huɗu a jami'a don ya riƙe makullin sito?"

To, 'yan'uwa, a kan wannan ɗan sito nake so mu yi magana yau. Amma bari mu fara leƙawa Kadawa, don a nan ne za mu ga nauyin aikinsa.

A watan Maris na 2016 kamfanin Ɗangote ya kunna injinan masana'antarsa ta markaɗa tumatir a Kadawa, cikin Jihar Kano, a tsakiyar filayen noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga. An gina ta ne don ta riƙa cin ɗanyen tumatir tan 1,200 a kowace rana. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan adadi. Idan tirela tana ɗaukar tan 30, wato tirela 40 ke nan cike da tumatir za su shiga ƙofa yau, gobe wasu 40, jibi ma haka. Kuma tumatir ba masara ba ne da za a jibge a rumbu. In ya kwana biyu a kwando cikin zafin Kano ya fara ruwa.

Injinan sababbi ne, mai su kuma ba a jin tsoron kuɗi su yanke masa. Amma cikin 'yan watanni aka kashe su. Wata tsutsa da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta faɗa wa gonakin tumatir na Arewa, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu na shekarar. Ɗan abin da ya tsira kuwa, 'yan kasuwa sun fi kamfani saye da tsada, manomi kuma ba wawa ba ne, ya kai inda aka fi biyansa. An sake buɗe masana'antar a 2019, aka sake cin karo da ƙarancin tumatir.

Abin da ya tsayar da Kadawa yana can waje, nesa da ɗakin inji, a doguwar hanyar da ta taso daga irin da manomi ya shuka, ta bi ta taki da maganin feshi da farashin da aka yi masa alkawari da kwando da mota, kafin ta iso bakin sikeli. Wannan hanya, haɗe da wadda kayan da aka sarrafa ke bi daga masana'anta zuwa sito, zuwa babban dila, zuwa mai kanti, har hannun uwargida, ita ce masana ke kira sarƙar kaya. Sun kira ta sarƙa domin zobe ɗaya in ya tsinke, sauran ba su riƙe komai duk ƙarfinsu. Wani Bature ɗan Ingila mai ba kamfanoni shawara, Keith Oliver, shi ya yaɗa sunan a 1982, kuma yau kula da sarƙar kaya fanni ne mai zaman kansa da ake yi wa digiri.

Sunan ne sabo. Aikin kam kakannin 'yan kasuwar ƙasar nan sun san shi. Fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro suna da madugu mai shugabantar ayari, da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da zango, da malami mai riƙe lissafi. Madugu ya san kwana nawa goro zai yi kafin a kwance shi a yayyafa masa ruwa a sake ganye, ya san inda za a biya fito, ya kuma san garin da in an yi jinkiri damina za ta rufe hanya. Dalar gyaɗar Kano ma, wadda Alhassan Ɗantata ya yi suna da ita, sito ce a fili, buhuna na jiran jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Ikko.

Darasi biyu daga Kakuri

Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi iyayensu sun ci abinci a Kakuri, unguwar masana'antu ta Kaduna, saboda haka misalan can ba baƙi ba ne gare mu.

An buɗe kamfanin haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a shekarun farko ta jirgin sama ake kawo sassan motar. Ana ƙera su a Faransa, a loda su a jiragen ɗaukar kaya a birnin Lyon, a sauke a filin jirgin saman Kano, sannan manyan motoci su kai su Kaduna. Tashar jiragen ruwa ta Legas a lokacin ta cushe, har jiragen da suka kawo siminti suna yin watanni a kan teku suna jiran layi. Wasu mutane ne suka zauna da takarda da alƙalami suka lissafa cewa tsadar jirgin sama ta fi sauƙi a kan ma'aikata su zauna hannu rabbana suna jiran akwatin da ya maƙale a Apapa. Daga baya aka koma kawowa ta teku. Da kuɗin man fetur suka ja baya a farkon shekarun 1980, takardar izinin shigo da kaya ta yi wuyar samu, sannan naira ta soma faɗuwa daga 1986, sai aikin ya yi ta raguwa. Ma'aikatan ba su manta yadda ake haɗa 504 ba. Abin haɗawar ne ya daina zuwa kamar da.

Na biyu shi ne masaƙu. Masaƙar Kaduna ta farko, KTL, ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002. UNTL, wadda ta fi kowace girma, ta rufe ƙofarta ta Kaduna a 2007. Idan ka tambayi tsofaffin ma'aikata dalili za su ce maka wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri. Duk gaskiya ne. Amma akwai wani dalili da ba a cika ambata ba, shi ne ita kanta audugar. Kafin 1986 akwai hukumar gwamnati da ke raba wa manoma iri, tana kuma tantance auduga daraja-daraja a kasuwanninta. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a wannan shekara, iri ya cakuɗe, tantancewa ta yi rauni, aka kuma shiga zuba auduga a buhunan leda irin na taki. Zaren ledar nan in ya tsinke ya shiga cikin auduga, ido ba ya ganinsa, injin gurza ba ya fitar da shi, rini kuma ba ya kama shi. Sai an saƙa an rina sannan a ga farin layi ya ratsa yadi. Buhun da bai kai kuɗin kwanon gero ba ya ɓata turmin atamfa. Wanda zai hana wannan shi ne mai sayen kayan kamfani, in ya san aikinsa, ya bi auduga har ƙauye ya ba manomi buhun yadi, ya kuma biya shi ƙari a kan tsabta.

Me ake koyarwa?

Tambayar farko da ake koya wa ɗalibi amsarta ita ce, yaushe zan sake yin odar kaya? A ce kamfanin abincin kaji yana niƙa masara buhu 200 kowace rana, kuma daga ranar da aka yi oda zuwa ranar da mota za ta sauke kwana 6 ne. Wato buhu 1,200 za a ci kafin sabuwar masara ta iso. Amma mota na iya lalacewa a hanya, gada na iya karyewa, saboda haka sai a ƙara ajiyar ko-ta-kwana, a ce ta kwana 4, buhu 800. Ranar da masarar sito ta sauko buhu 2,000, ranar za a yi oda, ba gobe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai karatu zai ce to don me ba za a cika sito da masarar shekara guda a huta ba? Nan ne karatun ya fara daɗi. Kayan da ke kwance a sito kuɗi ne ke barci. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwa kuwa sun fi haka. A ce kamfani ya ranto naira miliyan 100 a kan ruwa kashi 30 ya sayi masara ya ajiye. Kowane wata naira miliyan biyu da rabi na tafiya banki, ban da hayar sito, da mai gadi, da abin da ƙwari da ɓera za su ci. A ɗaya gefen kuma masara tana araha da kaka, tana tsada da bazara. Saboda haka mai wannan aiki kullum a tsakanin wuta biyu yake. In ya ajiye kaɗan inji ya tsaya, in ya ajiye da yawa riba ta narke. Neman tsakiyar nan da lissafi, kaya-kaya, shi ne rabin sana'ar.

Akwai kuma wata cuta da ake koya masa ya gane, wadda masana suka kwatanta da bulala, domin hannun mai bulala ɗan motsi yake yi amma bakinta ya zagaya nesa. Mai kanti yana sayar da katan 10 na sabulu a mako. Makon Kirsimeti ya sayar da 13, sai ya ji tsoron yankewa ya nemi 16 wurin dila. Dila ya ga duk masu kantunansa sun ƙara, shi ma ya ƙara nasa a kai ya aika wa kamfani. Kamfani ya ga oda ta kusa ninkawa, ya ɗauki ma'aikatan dare, ya yi odar manja da sinadari. Janairu na shigowa, kowa na neman kuɗin makaranta, kantuna cike da sabulu, ba mai yin oda, kamfani ya sallami waɗanda ya ɗauka. Alhali mutanen gari katan uku kawai suka ƙara. Kamfanin Procter & Gamble na Amurka ya lura da wannan a cinikin ƙunzugun jarirai, abin da buƙatarsa ba ta hawa da sauka, amma odar da ke iso masa tana tsalle. Maganinta shi ne kamfani ya riƙa ganin abin da aka sayar a kanti da idonsa, maimakon jita-jitar da ta biyo hannu uku.

Duk wanda ya shiga wannan karatu zai ji labarin Toyota. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ba shi da kuɗin cika sito, sai wani injiniyansa, Taiichi Ohno, ya tsara cewa kada a ƙera ko a kawo wani sashe sai lokacin da ake buƙatarsa. Kowane akwatin sassa yana da ɗan kati, in akwatin ya ƙare katin ya koma baya ya zama oda. Tsarin ya rage ɓarna ƙwarai, duniya kuma ta kwaikwaya. Amma yana da ranar ƙin dillanci. A ranar 1 ga Fabrairu 1997 gobara ta cinye wata masana'antar kamfanin Aisin, wadda kusan ita kaɗai ke yi wa Toyota wani ɗan ƙaramin sashe na birki. Nan da nan layukan haɗa mota na Toyota a Japan suka tsaya. Abin da ya cece su shi ne zumuncin da ke tsakaninsu da masu kawo musu kaya, domin kamfanoni da dama sun karɓi zanen sashen suka shiga ƙera shi dare da rana, cikin kwanaki aiki ya dawo. Bayan girgizar ƙasa ta Maris 2011 Toyota ta bi diddigin masu kawo wa masu kawo mata kaya, ta kuma sa a riƙa ajiye wasu sassan lantarki na watanni. Duniya duka ta sake koyon wannan darasi lokacin annobar korona a 2020, da kuma Maris 2021, sa'ad da jirgin ruwan Ever Given mai tsawon mita 400 ya gitta a mashigin Suwez na ƙasar Masar, ya toshe shi kwana shida, jirage fiye da 300 suka yi cirko-cirko.

Ni dai a ganina malamin da ya koya wa ɗanmu tsarin Toyota ya tsaya nan bai gama aikinsa ba. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, a kan hanyar da kowa ya san halinta, ga shingaye, ga masu karɓar haraji iri-iri, ga wuraren da direba ba ya yarda ya bi da dare. Wanda ya ce zai yi aiki ba ajiya a Sharaɗa ko Bompai, ya shirya zaman jira. Abin da za a ɗauka daga Japan shi ne tsabtar lissafi da riƙe masu kawo kaya kamar dangi.

Sai kuma takardu, waɗanda su ne ke ba sababbin shiga ciwon kai. Kafin kaya su taso daga waje sai an buɗe Fom M ta banki. In abinci ne ko magani ko sinadari akwai izinin NAFDAC, in kayan ƙira ne akwai na SON, sannan ga lambar da kwastan ke rarraba kaya da ita don yanke haraji. Kuskuren lamba ɗaya na iya sa kwantena ta yi makonni a tasha, kamfanin jirgi kuma yana lissafa kuɗin jinkiri kowace rana. Wannan aiki da can galibi a Legas ko Fatakwal ake yinsa. Yanzu ya fara matsowa kusa da mu, domin an buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a Kakuri a Janairu 2018, ta Dala a Kano a Janairu 2023, ta Funtuwa kuma a 2024. Ƙarfinsu ya dogara ga jirgin ƙasa ya riƙa zuwa a kai a kai, wannan kuwa magana ce ta wata rana.

Komai na yau a kwamfuta ake yinsa. Manyan kamfanoni suna aiki da manhajoji irin su SAP, inda buhu ɗaya in ya fita sito, akanta da manajan saye suna gani nan take. Amma matashin da ya iya Excel sosai, ya iya jera kaya ya fitar da wanda ya kusa ƙarewa da wanda ya daɗe kwance, ya riga ya fi rabin masu neman aikin.

Aikin yana kusa da gida

A tsakiyar 2023 dalar Amurka tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Kamfanonin da ke shigo da kusan duk kayan aikinsu sun ji jiki, har GSK da Procter & Gamble suka ba da sanarwa a 2023 cewa za su sauya yadda suke harka a Nijeriya, su koma shigo da kayan da aka gama. Waɗanda suka rage dole suka ƙara juyowa gida neman abin da za su sarrafa. An taɓa yin irin haka a 1988, da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir, masu yin lemon malt da sauransu suka koma sayen dawa wurin manoman Arewa.

Ina abin yake? A gonakinmu. Masara da waken soya da dawa da shinkafa da gyaɗa da riɗi da citta da dankalin Turawa, mu ne ke noma su. A Jos akwai NASCO da Grand Cereals, a Chikun kusa da Kaduna akwai babban kamfanin abincin kaji na Olam da aka buɗe a 2017, a Numan akwai na sukari, a Ashaka da Sakkwato akwai na siminti, ga injinan casar shinkafa birjik a Kano da Kabi da Jigawa. Kowannensu na buƙatar mutumin da ke jin harshen manomi, ya san kasuwar Saminaka da Giwa da Dawanau, ya kuma iya riƙe ma'aunin laima ya ce wannan masara ta wuce kashi 13 ko 14, in aka ajiye ta za ta yi fumfuna. Fumfunar masara da gyaɗa tana haifar da guba mai lalata hanta, tana kashe kaji, tana kuma sa a dawo da kaya daga waje. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin fiya-fiyan nan da wasu ke zubawa a buhu. Manoman citta na Kaciya da Jaba da Kagarko kuma ba za su manta da 2023 ba, shekarar da cuta ta cinye gonaki, duk mai sayen da ya dogara da wuri ɗaya ya tashi a tutar babu.

Yaron da ya tashi a ƙauye, ya san bambancin tiya da mudu, ya san dabarun da ake yi wa buhu a ƙasa a sa tsakuwa a sama a sa mai kyau, yana da jarin da ɗan birni ba shi da shi. Abin da ya rage masa shi ne lissafi da takarda. 'Yan mata ma haka. Babu inda aka ce sai mai ƙarfin ɗaukar buhu, kuma ofisoshin saye da tsara oda mata da yawa ke riƙe da su.

Inda kuɗi ke wucewa

Kada mu ɓoye wa juna, wannan kujera ce mai santsi. A yawancin masana'antu kuɗin sayen kaya sun fi albashin dukan ma'aikata yawa, kuma ta hannun mai saye suke bi. Ɗan kwangila zai zo da kashi goma, direba zai ce a sa hannu buhu 600 sun iso alhali 590 ne, a raba goman. Shi ya sa ake koyar da ƙa'idar raba hannu, wato wanda ya yi oda ba shi zai karɓi kaya ba, wanda ya karɓa ba shi zai biya ba, kuma ba a biya sai takarda uku sun yi daidai, ta oda, da ta karɓar kaya, da ta neman biya. A aikin gwamnati ma dokar sayen kaya ta 2007 ta tanadi a yi tallar kwangila a fili a gwada farashi. Amma mutum uku na iya haɗa baki, kowa ya san haka. Masu kamfani ma sun sani, shi ya sa in suka sami wanda lissafinsa ke fitowa daidai shekara da shekaru ba su sakinsa. Iyaye, wannan sashe ba a jami'a ake fara koyonsa ba. Yaron da ake aika kasuwa ya dawo da canji cif, ya riga ya ci jarrabawar farko.

A ina ake koyo?

Ba sai an ƙetare teku ba. A Zariya akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya, NITT, da ke hanyar Basawa, wadda aka kafa a 1986, tana ba da difloma da gajerun kwasa-kwasai kan sufuri da safarar kaya. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta daɗe tana koyar da saye da samar da kaya a matakin ND da HND, Jami'ar Jihar Kaduna kuma tana da digiri a fannin. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauci suna cikin jami'o'i shida da aka kafa wa cibiyoyin koyar da harkar sayen kaya a ƙarƙashin wani shiri mai tallafin Bankin Duniya da aka amince da shi a 2020. Akwai kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, wadda aka aza harsashinta a Disamba 2019. Wanda ya riga ya karanta wani fanni, ko akanta ko aikin gona ko injiniya, yana iya bin hanyar jarrabawar ƙwararru ta CIPSMN, ƙungiyar da dokar 2007 ta ba ikon kula da sana'ar saye da samar da kaya a ƙasar nan, ko ta CILT mai kula da sufuri. Yawancin waɗannan ƙofofi suna neman kiredit a lissafi da Turanci.

Ba zan yaudari kowa ba. Takardar nan ba tikitin aiki ba ce. Masana'antun Arewa ba su kai yawan na da ba, waɗanda ke nan suna fama da wuta da tsadar dizal, kuma albashin farko ba ya cika ido. Mai digiri ma da ƙirga buhu a bakin mota zai fara, cikin ƙura, wani lokaci har dare. Sai dai ilimin yana da ƙofofi da yawa. Wanda ya iya ciyar da masana'anta zai iya riƙe sito na asibiti, ko rabon magani da allurar rigakafi, ko kayan agaji, ko ƙungiyar manoma ta garinsu da ke son sayar wa kamfani kai tsaye ba ta hannun 'yan tsakiya ba.

Abin da ke raba masu takarda iri ɗaya shi ne wanda ya taɓa tsayawa a sito na gaske. Hukumar ITF mai hedkwata a Jos, wadda aka kafa a 1971, ita ke kula da shirin SIWES da ke tura ɗalibai sanin makamar aiki. Yawancin yaranmu sukan nemi ofis mai sanyi kusa da gida inda za a sa musu hannu a littafi su tafi. Wannan asara ce. Ɗalibin wannan fanni ya nemi injin casar shinkafa, ko kamfanin abincin kaji, ko babban dilan siminti, ya roƙi a sa shi a bakin sikeli. Kafin a biya kuɗin makaranta kuma, uba ya je da kansa ya yi tambaya uku: ko hukumar NUC ko NBTE ta amince da kwas ɗin, ko ana taɓa kwamfuta da hannu ko a allo kawai ake zana ta, da kuma kamfanonin da ɗaliban bara suka je koyon aiki. In shugaban sashe ya kasa kiran sunan kamfani ko ɗaya, a gwada makaranta ta gaba.